Fim tara a cikin filash: yanda gajerun fina-finan wasu matasa a Zariya suka samu masu kallo

Wannan bayani ne akan wani matashi a Zariya, ba zan faɗi sunansa ba, da faman da ya yi daga 2021 zuwa tsakiyar 2024 yana neman inda zai haska gajerun fina-finan da shi da abokansa suka haɗa. Ni ne nake zama bakin ƙofa da littafi da biro duk ranar da aka haska, saboda haka lissafin mutane da na kuɗi da za ku gani a nan daga wannan littafin na kwaso su, yanda na rubuta haka na kawo.

Asalin lamarin, 2019 zuwa 2020

Sana'arsa gyaran waya, yana da ɗan tebur a Sabon Gari. A watan Agusta 2019 aka yi ta yaɗa labarin yaran nan na Kaduna da ake kira The Critics, masu yin gajerun fina-finan kimiyya da waya da koren ƙyalle, to wannan labarin ne ya shiga ransa, yace in dai yaran Kaduna za su yi da waya mai fasasshen gilas to shi da yake kwana cikin wayoyi meye zai hana shi. Ya tara abokai kusan goma, wasu ɗaliban ABU ne a Samaru da Kongo, ɗaya mai ɗaukar bidiyon biki, ɗaya tela, akwai mata biyu a cikinsu. Da aka kulle jihar Kaduna a ƙarshen Maris 2020 saboda korona sai zaman gidan ya zame musu lokacin rubutu, ana sassauta dokar suka fita ɗauka.

Kafin ƙarshen 2020 suna da fim tara, daraktoci shida. Mafi gajarta minti 4, mafi tsawo minti 16. Akwai na wani ɗan garuwa da aka sace masa kura da jarkoki ranar da zai biya kuɗin haya, akwai na yarinya mai sayar da awara da take ɓoye kuɗin jarrabawa a cikin tsohon gwangwanin madara, akwai wani wanda babu magana a cikinsa ko ɗaya, tsoho ne kawai yana gyaran rediyo a bakin kasuwa har magariba ta yi. Akwai na barkwanci guda biyu.

Matsalar ita ce ba inda za a kai su. Kasuwar faifan CD ta riga ta mutu, Kannywood ta koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, gidajen silima irin na da sun zama labari, na zamani kuma sai manyan birane kuma su ma dogon fim suke haskawa. Sannan in kace wa mutum gajeren fim, abinda yake zuwa masa a rai shine ɗan barkwancin minti ɗaya da ake turawa a WhatsApp. Fina-finan nan tara suna zaune a cikin filash ɗaya a aljihun rigarsa, in ya ga wanda ya yarda da shi sai ya miƙa masa waya da abin sawa a kunne.

Gwajin farko: YouTube, 2021

A watan Fabrairu 2021 ya buɗe tasha ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya, duk Juma'a fim ɗaya. Burinsa ya kai matakin da YouTube ke fara biya, wato mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12. Mun zauna mun buga lissafi daga baya, awa 4,000 minti 240,000 kenan, in fim ɗinka minti 8 ne sai an kalle shi daga farko har ƙarshe sau 30,000, alhali mai fim mai dogon zango da yake sakin awa guda duk sati shi ko mutum ɗaya ya biyo shi ya tara masa awanni.

Bayan wata shida mabiya 212 ne, fim ɗin da ya fi samun kallo bai kai 900 ba. Shafin lissafi na tashar ya nuna yawancin mutane kafin minti ɗaya sun fita. Abinda ake rubuta masa a ƙasa kala biyu ne kusan kullum, masu cewa ba a jin magana da masu tambayar ina ci gaban. Ya biya wani babban shafi naira 10,000 aka tallata masa na ɗan garuwa, kallo ya ɗan tashi na kwana biyu ya koma yanda yake. Maganar ba a jin magana bai ɗauke ta da nauyi ba a lokacin, yace ai wayoyinsu ne marasa kyau.

Gwaji na biyu: bukukuwan fim na waje, ƙarshen 2021 zuwa farkon 2022

Wani ya nuna masa FilmFreeway, inda ake tura fim zuwa bukukuwan fina-finai na duniya. Yawancinsu da dala ake biyan kuɗin shiga, kuma a 2022 bankuna suka rage abinda mutum zai iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya ma da yawa suka dakatar gaba ɗaya, don haka sai ya koma neman na kyauta da masu arha. Ya tura sau 14. Guda 11 suka amsa da haƙuri, 3 ba su ce komai ba. Fassarar Turancin da ke ƙasan hoton shi ya yi ta da kansa da taimakon waya, karin magana ma kalma da kalma aka juya ta. Ɗaya daga cikin amsoshin ta ƙara layi guda a ƙasa cewa labarin ya yi musu amma sautin ba zai hasku a babban ɗaki ba.

A wannan lokacin akwai bukukuwa a gida, KILAF, bikin fina-finan harsunan Afirka, a Kano da bikin fim na Kaduna duk tun 2018 ake yin su, ga Zuma da Hukumar Fina-finai ta Najeriya ke shiryawa a Abuja. Bai tura ko ɗaya ba, tunaninsa sai an fara yabonsu daga waje kafin na gida su kalle su.

Gwaji na uku: ɗakin taron otal, Yuni 2022

Daga nan yace to shi zai haɗa nasa taron. Ya kama ɗakin taro a wani otal naira 40,000, hayar majigi da sifiku 15,000, fosta 8,000, mai da lemo 7,000, jimla 70,000, rabi nasa rabi bashi. Tikiti naira 1,000. An jera kujeru 120.

Waɗanda ya sa rai za su cika wurin ɗalibai ne, to ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta shiga yajin aiki tun 14 ga Fabrairu kuma ba ta janye ba sai Oktoba, Samaru ta yi tsit, har wasu daga cikin daraktocin suna garuruwansu. Mutum 23 suka zo, 9 ne suka biya, sauran 'yan wasa ne da 'yan uwansu. An fara ƙarfe 5 na yamma, tagogin ɗakin manya ne labulen kuma fari, hoton ya fito dishi-dishi kamar an wanke shi. Aka saki fim tara a jere ba tsayawa, minti 95. Sannan sautin. Abinda wayar hannu ke ɓoyewa babbar sifika ta tona shi tas, ƙarar iska, janareton maƙwabta, acaba na wucewa, ɗan wasa yana magana kamar daga cikin rijiya, wani fim ɗin sai an ƙure murya, na bayansa kuma yana farawa sai kowa ya toshe kunne. Kafin fim na shida saura mutum 11. Asara naira 61,000. Ya sayar da wayar da aka ɗauki yawancin fina-finan da ita ya biya bashin, wata guda cur bai ƙara yi wa kowa maganar fim ba.

Gyaran sauti, Yuli zuwa Nuwamba 2022

Cikin mutum 11 da suka zauna har ƙarshe akwai wani dattijo, mahaifin ɗaya daga cikin 'yan wasan, ya yi aikin rediyo a Kaduna har ya yi ritaya. Shi ya aika a kira masa matashin. Tare muka je, muka same shi a zaure akan buzu, muka gaishe shi, matashin ya buɗe kwamfuta zai fara bayani sai dattijon ya ɗaga masa hannu yace, ɗana, kunna na mai awarar nan, sannan ka juya kwamfutar ta kalli bango. Aka juya. Muka zauna mu uku muna kallon bango muna sauraro, minti 11. Da ya ƙare yace to faɗa min me uwar tace wa yarinyar a bakin murhu. Matashin da ya kalli fim ɗin ya fi sau hamsin ya faɗa, dattijon yace a'a, wannan ka sani ne don kai ka tace shi, ya juyo gare ni yace kai fa. Wallahi ban iya kawo rabin maganar ba. Yace to haka duk wanda ya biya dubu ɗaya ya ji.

A wannan zaman ne kuma ya ba mu labarin majigi, yanda tun zamanin Turawa har bayan samun 'yancin kai ake zuwa da mota da injin wuta a kafa farin allo a ƙofar fada ko gidan hakimi, a haska fim ɗin tsafta ko noma ko labaran gwamnati, kuma akwai mutum tsaye da lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa, yana sa su dariya, yana faɗa musu abinda za su lura da shi. Yace shi tun yana yaro abinda ya fi tunawa muryar mutumin nan ce. Matashin ya ji amma a ranar hankalinsa yana kan sauti.

Aikin da aka yi wata biyar ke nan. Aka sayo makarufo ƙarami na maƙalawa a kwala. Aka mayar da ɗakin matashin wurin ɗaukar murya, katifa a jingine jikin taga, barguna a bango, ana farawa bayan ƙarfe 11 na dare lokacin da masu janareto suka kashe. Kowane ɗan wasa ya zo ya kalli bakinsa a hoto ya sake maimaita maganarsa, wani layin sai an yi sau goma kafin ya hau daidai, yarinyar da ta fito a mai awara da rana ake ɗaukar nata tare da yayarta a zaune, shi ya sa nata ya fi cin lokaci saboda hayaniyar unguwa. Ƙarar kasuwa da kukan kaji da tafiyar kura akan tsakuwa duk daban aka je aka ɗauko aka shimfiɗa a ƙarƙashin magana a hankali. A ƙarshe ya daidaita ƙarfin sautin duka fina-finan da manhajar Audacity ta kyauta yanda in an saita sifika sau ɗaya ba sai an ƙara taɓa ta ba. Fim bakwai suka gyaru. Biyu aka ajiye su saboda 'yan wasan sun bar gari, daraktan ɗayan bai ji daɗi ba kuma daga nan ya janye jikinsa.

Gwajin da dattijon ya koya musu ya zama doka, duk fim sai an juya shi bango an sa wanda bai taɓa gani ba ya faɗi abinda ya ji.

Gidan kallon ƙwallo, Disamba 2022 zuwa Maris 2023

Lokacin gasar cin kofin duniya ta Qatar yana zuwa kallo a wani gidan kallo a unguwarsu, rumfar kwano ce da bencina, tana ɗaukar mutum kamar 90, akwai janareto, akwai sifiku, akwai mai shayi a ƙofa, kuma mutane sun saba zuwa da ƙafarsu ba sai an yi musu fosta ba. Bayan an gama gasar ranar 18 ga Disamba ya sami mai gidan. Yace Alhaji wace rana ce ba ka samun kowa. Alhaji yace Litinin, sai dai in an saka wasa ɗaya. Suka yi yarjejeniya, tikiti naira 100, a fara cire kuɗin mai, abinda ya rage a raba biyu. Alhaji ya kafa sharaɗi ɗaya, sai mai unguwa ya sani.

Suka ɗauki kwamfuta suka je zauren mai unguwa, liman ma yana nan, suka ce ranka ya daɗe ga abinda muke so mu nuna, a kalla tukuna. Aka kalli bakwai ɗin duka a zama biyu. Liman ya nemi a cire wani wuri na daƙiƙa 20 a ɗaya daga cikin na barkwancin inda ake kwaikwayon mai larurar in'ina, aka cire. Aka ce a fara bayan isha'i a tashi kafin ƙarfe 10.

Daren farko Litinin ce a cikin Janairu 2023. Aka aro majigi, aka shafa wa falankin katako farin fenti aka rataye. Mutum 41. Magana ta fita tar, wannan kam an wuce wurin. Amma da fim na farko ya ƙare allo ya yi baƙi sai aka fara guna-guni, wasu suka miƙe sun ɗauka an gama, wani daga baya yace haba ɗari guda minti tara, da na biyu ya fara kuma wasu suka yi zaton ci gaban na farko ne suna ta tambayar ina ɗan garuwan ya shiga. Kafin a gama saura 26.

A hanyar komawa gida ne ya tuno maganar mai bayanin majigi. Akwai wani abokinsu da yake riƙe makarufo a bukukuwa da gasar ƙwallon unguwa, bakinsa na da zaƙi kuma kowa ya san shi. Aka ba shi fina-finan ya kalla, aka kafa masa iyaka, minti biyu kafin kowane fim, kar ya faɗi ƙarshen labari, kar ya yi magana fim na tafiya. Aka rage fina-finan zuwa shida, minti 68. Aka sake jeri, barkwanci a farko, masu nauyi a tsakiya, na tsoho mai gyaran rediyo kafin na ƙarshe, a rufe da na mai awara. Sannan aka kawo maganar marfin kwalba, duk wanda ya biya sai na ba shi marfin kwalbar lemo ɗaya, a bakin ƙofa an jera gwangwani shida kowanne da sunan fim, in za ka fita ka jefa a wanda ya fi burge ka, daraktan da ya fi samun marfi shi zai ɗauki rabin kason matasan.

Dare na biyu, bayan sati biyu, mutum 38. Mai bayani ya miƙe yace jama'a yau labari shida za mu ci da ɗari guda, kowanne da kansa yake tsaye kamar tatsuniya, in an ce ƙurunƙus to ƙurunƙus ne kar wanda ya tambaye ni ci gaba. Aka yi dariya. Kafin na mai rediyo yace wannan ba a magana a cikinsa, ba sifika ce ta lalace ba, ku dai kalli hannun tsohon nan. Ina daga ƙofa ina kallon bayan kawunan mutane, minti 7 ba wanda ya yi tari, sai ƙarar janareto daga waje da ƙarar sukudireba a cikin fim, har inda rediyon ya kama tasha tsohon ya ɗago kai. Da aka kunna fitila mai bayani yace wanda ya yi wannan fim ɗin yana cikinku, tashi a ganka. Telan nan ne ya miƙe, wani yace kai, ba kai ne ka ɗinka min kayan sallah ba, wurin ya kaure da tafi. Mutum 38 suka shiga, marfi 36 na ƙirga a gwangwani.

Fabrairu ta zo da ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, ɗari ɗaya ta zama abin nema, sai aka koma turawa mai POS na kusa, wanda aka sani kuma na rubuta shi bashi. An yi dare biyu a watan, 33 da 47. Daga nan aka tsaya saboda zaɓe da azumi.

Zaman mata, daga Mayu 2023

Duk daren nan ba mace ko ɗaya, har daraktar fim ɗin mai awara, wanda sau uku yana cin marfi, ba ta taɓa ganin fim ɗinta a gaban jama'a ba, sai dai a kai mata kuɗinta a ba ta labari. Ita ta nemo mafita. Gwaggonta na da makarantar firamare mai zaman kanta, ta roƙe ta aji ɗaya ranar Asabar tsakanin la'asar da magariba. Gwaggon ta kalli fina-finan ta zaɓi biyar. Aka toshe tagogi da barguna, matashin ya haɗa waya ya saita komai ya fita waje, daraktar ce ta riƙe makarufo. Sanarwa kuma ta bakin matan adashe da na Islamiyya aka yi ta. Zaman farko mata 29 ban da yara, na uku 64 har aka buɗe aji na biyu aka haska sau biyu. Ni a bakin get nake zama, abinda ya faru a ciki daga bakinta na ji, tace bayan fim ɗin mai awara sun fi rabin awa ana magana akan kuɗin jarrabawar 'ya'ya mata, wata tace labarin 'yarta ne sak, wata kuma ta gyara mata cewa ba haka ake tace waken awara ba, kuma gaskiyarta ne.

Bayan cire tallafin mai, Yuni zuwa Disamba 2023

An so a ci moriyar Yuni da Yuli saboda babu gasar Ingila gidan kallo ba kowa kusan kullum, sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita daga ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500, a Yuli ta wuce 600. Alhaji yace ɗari ba za ta fitar da shi ba. Aka mayar da tikiti 200, mutane suka ragu zuwa 30 da ɗoriya na dare biyu. Ga damina, ruwa in ya sauka akan kwano ba sifikar da za ta yi maganinsa, dare ɗaya dole aka mayar wa mutane kuɗinsu.

Abinda ya dawo da mutane sabbin fina-finai ne, don bakwai ɗin nan an haddace su. Ya sanar cewa duk mai gajeren fim ƙasa da minti 15 ya kawo, sharaɗi biyu, ya ci gwajin bango kuma mai shi ya zo da kansa ranar haskawa. Aka kawo daga Funtuwa da Giwa da Kaduna, kowane darakta kuma yana tahowa da mutanensa. Ya kuma bai wa masu tura fim a waya guda huɗu tsofaffin fina-finan kyauta, da ɗan allo a ƙarshen kowanne mai ɗauke da ranar haskawa ta gaba. Dare mafi cika a watan Nuwamba ne, mutum 84, naira 16,800, mai 2,500, Alhaji 7,150, wanda ya ci marfi 3,500 da 'yan canji, sauran suka raba ragowar.

Inda aka tsaya, Yuni 2024

Daga Janairu 2023 zuwa Yuni 2024 an yi dare 19 a gidan kallo da zaman mata 7. Fina-finan da aka haska sun kai 23. Wani malamin Turanci ya sake musu fassarar guda uku, aka tura bukukuwan cikin gida, biyu suka samu shiga. Tashar YouTube ta haura mabiya 700, har zuwa lokacin ba ta kai matakin biya ba. Cikin daraktoci shida na farko uku ne suka rage, ɗaya ya tafi hidimar ƙasa, ɗaya ya koma ɗaukar biki kaɗai, ɗaya shine wanda ya yi fushi. Telan ya samu aikin talla guda biyu daga masu shaguna da suka ga fim ɗinsa. Matashin yana nan akan teburinsa na gyaran waya.

Abinda nake gani

Shekara biyu na farko ya kashe su yana neman masu kallo a nesa alhali tun 2021 masu kallo sun faɗa masa ciwon da bakinsu, ba a jin magana. Mu mutane ne da muka taso da rediyo da wasan kwaikwayo na murya, yanzu ma ga fassarar fina-finan Indiya da ake jin kowace kalma raɗau, Bahaushe zai yafe maka hoto mai duhu amma ba zai zauna yana ƙoƙarin tsinto magana ba. A ganina da an kai fina-finan gidan kallo ba tare da wata biyar ɗin nan na gyaran murya ba da abinda ya faru a otal shi zai sake faruwa, kuma da Alhaji bai ba da dare na biyu ba.

Faɗuwar otal kuma yajin aiki ya taimaka amma ba shi kaɗai ba ne, an ɗauki mutane daga inda suka saba an kai su inda sai sun yi wanka sun hau mota sun biya dubu, don su kalli abinda ba su san irinsa ba. Gidan kallo ya cire duk wannan, mai unguwa da liman kuma da aka fara nuna musu sun zama masu kare abin in an zo da ƙorafi.

Amma abinda na fi yarda shi ya juya lamarin shine mai bayani da tsayuwar darakta. A dare na farko da na biyu fina-finan kusan ɗaya ne, sauti ɗaya, wuri ɗaya, 26 cikin 41 suka zauna a na farko, a na biyu kusan kowa. Gajeren fim yana ƙarewa ne kafin mai kallo ya gama zama a cikinsa, yana buƙatar wanda zai shigar da shi ya kuma fito da shi, abinda YouTube ba ta da shi kenan kuma masu majigi sun san haka tun kafin a haife mu.

Inda haƙa ba ta cimma ruwa ba shine kuɗi, kuma yana damuna. Naira 3,500 ba ta biya ko abincin 'yan wasa na yini ɗaya ba, duk wanda ya kawo fim daga Funtuwa kuɗin motarsa ya fi abinda ya koma da shi. Sannan komai a wuyan mutum uku yake, matashin da mai bayani da daraktar nan, ranar da mai bayani ya yi zazzaɓi a watan Maris 2024 sai da aka ɗage daren gaba ɗaya. Fina-finai 23 ɗin ma har zuwa lokacin da na rufe littafin a filash biyu suke da wata tsohuwar kwamfuta mai mataccen batir, na yi ta yi masa magana akai, yace in ya haɗa kuɗi zai sayi babbar ma'ajiya ya ajiye kwafi ɗaya a gidan dattijon.